Ƙugiyar da ta ɓata a hanyar Maradi

A watan Maris na 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma kwamfutar mai zanen allon talla a Dakoro har yau Bafaranshiya ce. Madannanta sun san é da ç, ba su taɓa jin labarin ƙ ba.

Mai abinci a bakin tasha ta ce a rubuta mata "Romon ƙashi". Ya tsara, aka kai Maradi aka buga. Allo ya dawo a motar haya, ƙugiya kuwa ba ta biyo shi ba.

"Malam, me ka ce ina sayarwa?"

Bai tanka ba. Ya ɗauko fenti ya hau benci, yana lanƙwasa kan harafin da hannu, 'yan kabu-kabu na ba shi shawara.