Ranar Da Na Mayar Da Ango Matashin Kujera

Ba wanda ya aike ni. Biki ne a Maraɗi, kowa a wurin yana jin Hausa. Amma da na ji abokan aikin amarya daga Yamai suna zuba Faransanci, sai na ce wallahi ni ma Bakatsine ba zan tsallaka Jibiya ban nuna tawa ba.

Mako uku na yi ina tilawa. Na san Faransanci ya fi son gaɓa ta ƙare da wasali. Na san baƙin ƙarshe yawanci barci yake yi, p ɗin beaucoup ba a tashinsa. Abu guda ya kuɓuce mini: s ɗaya tsakanin wasula biyu, z ake furta ta. Cou-sin, wato ku-zan, shi ne taubashi. Ku-san kuwa coussin ne mai s biyu, matashin da ake jingina da shi a kujera.

Na karɓi makirufo, na dafa kafaɗar ango, na raba gaɓoɓin nan dalla-dalla don kowa ya shaida na yi karatu: tun muna yara, wannan bawan Allah shi ne "mon ku... san."

Har tsayawa na yi a tsakiya. Wannan tsayawar ce ke hana ni barci. Tsakanin "ku" da "san" akwai lokacin da zan iya yin tari, ko in faɗi sumamme. Maimakon haka sai na yi murmushi, na ƙara danna kafaɗarsa kamar mai gwada laushinta. Lasifika kuma ta maimaita: san, san, san. Wata hajiya ta ƙware da lemo. Amarya ta ja mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ina zama wani dattijo ya matso.

"Ɗana, Nasara ta hanci yake magana. Toshe hancinka ka sake faɗa."

Na toshe. "Ku-san."

"To saka goro a kumatu."

Na saka. "Ku-shan."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓe sauran goronsa.

"Bar shi haka nan, ai ba ka yi ƙarya ba. Ango dai matashi ne."