Sannu da Aiki, Injiniya Mai Fomat

Idan ana lissafa gwanayen da Allah ya albarkaci kasuwanninmu da su, zalunci ne a tsallake injiniyan nan da ya gano magani ɗaya tak na duk ciwon da ke damun tsohuwar laftof. Kai masa taka, HP ce ko Dell ko Lenovo, wadda ta gama bauta a wani ofishin Turai kafin ta iso mana a 'yar kwatano. Ka ce, "Injiniya, nauyi take yi, fankarta sai ihu, in na danna abu sai ta ga dama take buɗewa." Ba zai bari ka kai aya ba. "Bairos ne, Alhaji. Fomat za a yi mata." Tubarkalla! Ga likitan da ke gane cuta tun majiyyaci bai zauna ba, mai zazzaɓi da mai karaya duk aski ɗaya yake yi musu.

Ƙananan masu gyara ne ke ɓata lokaci wajen bincike. Su ne za ka ga sun danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ta buɗe, su tsaya suna duba wace manhaja ce ta shanye ƙarfin firosesa har ya kai kashi 100. Wani lokaci Chrome ce da shafuka rututu a buɗe. Wani lokaci manhajojin kashe bairos ne guda biyu ke kokawa da juna, alhali Windows 10 da Defender ɗinta ta zo. Sau da yawa kuma tarin manhajoji ne da ke tashi tare da kwamfutar duk sanda aka kunna ta, ba tare da kowa ya gayyace su ba, a kashe su ta numfasa. Aikin 'yan mintuna ne. To, wane mai daraja ne zai zubar da girmansa a kan aikin 'yan mintuna? Me zai ce a biya shi?

Sai kuma kunyarsa, abar koyi. Injiniya ba ya ɗaukar sukundireba ya tona asirin kwamfutar mutane. Da zai buɗe bayanta, da ya tarar da ƙurar hunturun shekara da shekaru ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska, musamman in mai ita a kan katifa yake ɗora ta. Da ya ga man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ƙamas, ba a taɓa sabunta shi ba tun fitowarta daga masana'anta. Firosesan Intel, in zafi ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wannan ne ya sa kwamfuta ke tashi da kuzari da safe, bayan ɗan lokaci ta koma jan ƙafa. A busa ƙurar, a goge tsohon man a shafa sabo, sai ta dawo hayyacinta. Amma ƙura ba ta jin fomat, shi ya sa injiniya ya bar ta ta zauna lafiya. Zama lafiya ai ya fi zama ɗan sarki.

Haka yake girmama tsofaffi. Faifan ajiyar da ke cikinta, mai juyawa sau 5,400 a minti, ya gaji, Task Manager na nuna shi a kashi 100 dare da rana. Mai faɗin gaskiya zai ce a cire shi a sa SSD, a ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, domin babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamar wannan. Injiniya kuwa bai yarda a yi wa dattijo ritaya ba. Ba kuma zai tambaye ka cajar da kake amfani da ita ba, duk da cewa laftof ɗin Dell, in ba ta gane cajar da aka jona mata ba, takan rage gudun firosesa. Tambaya aikin marasa tabbas ne, shi kuwa tabbacinsa ya cika ya batse.

Karamcinsa ne ya fi burge ni. Bayan ya share komai, ba ya sallamarka hannu rabbana. Yana da filash guda ɗaya, mai albarka, da ya ratsa cikin kowace kwamfuta a unguwar. Daga ciki zai loda maka Windows na sata, da Office na sata, da wasanni, da manhajojin da ba ka roƙa ba, duk kyauta. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda ke ɓuya cikin wasannin sata, ta kashe masu tsaron kwamfuta, ta sa firosesa haƙar kuɗin intanet na Monero domin wani can da ba ka sani ba. Ka ga hangen nesa: ka zo ba ka da bairos, ya ce kana da shi, ka tafi da shi. Wa zai ce injiniya ya yi ƙarya? Bayan mako biyu ka dawo, ya sake yi mata fomat, ka sake biya. Haka ake raya sana'a.

Masu hassada za su kawo maganar ɗalibar da ta kai masa kwamfuta ana saura kwanaki ta miƙa kundin bincikenta na kammala digiri, ta dawo ta tarar babi biyar sun tafi, tare da hotunan mahaifinta da ya rasu. Laifin wa? Ai ya faɗa mata, bayan ya gama: "Hajiya, ba ki ce akwai abu mai muhimmanci a ciki ba." Kwashe bayanan mutum kafin a share ai shisshigi ne. Ya koya mata tawakkali, bai ƙara ko kwabo a kan kuɗin aiki ba.

In an yi fomat na uku kwamfutar ba ta warke ba, sai ya yanke hukunci cikin tausayi: "Ta gama yayi. Tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, ita kuma ba za ta ɗauki 11 ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta Linux Mint na tafiya sumul a kan irinta, kuma ba a sayar da shi. Cikin ikon Allah yana da wata laftof ta sayarwa a ƙarƙashin teburi, taka kuma zai taimaka ya karɓe ta a kuɗin tarkace.

Don haka, jama'a, ku rufa wa bawan Allah asiri. Kada ku kwafe takardunku kafin ku je. Kada ku ce ya nuna muku bairos ɗin da idonku, kada ku tambayi yaushe aka share fanka. Ranar da kowane ɗalibi da malami da ɗan kasuwa ya koyi danna maɓallan nan uku ya ga abin da ke cin kwamfutarsa, ranar za a tilasta wa injiniya koyon gyara, kuma wannan ba ƙaramin wulaƙanci ba ne ga mutumin da ya shekara goma yana karɓar kuɗin aikin da bai taɓa yi ba.