Yadda Ake Kai Yaro Kallon Wasan Daɓe a Dawo da Sauran Mutunci

Da farko ka gaya wa kanka gaskiya: kai ne kake son zuwa. Babu ɗan shekara huɗun da ya taɓa tashi da safe ya ce a kai shi kallon Uwar Gulma. Kai ne ka karanta littafin Mohammed Sada a sakandare, ka girma da Samanja da Karambana a talabijin, yanzu kuma ka ji ɗalibai za su yi wasan a dandamali, ka fake da cewa za ka nuna wa yaro al'ada. Ba laifi. Ni ma da haka na fake ranar da na ɗauki autata.

Tun a gida za ka fara bita. Yaron yau a waya ya san kallo, inda yake danna mutum ya tsaya, ya ja shi baya, ya share shi da ɗan yatsa in ya gundure shi. Ka zaunar da shi ka yi masa bayani cewa waɗannan mutane ne masu rai, ba sa tsayawa don ya je shan ruwa, kuma suna jin abin da yake faɗa. Zai gyaɗa kai. Kada ka ɗauka ya yarda.

In an rubuta ƙarfe huɗu a katin gayyata, ka yi la'asar ɗinka a natse, ka sha shayi. Haƙurin yaro kamar cajin tsohuwar waya ne, in ka kuskura ka isa da wuri, jawabin shugaban taro da na babban baƙo da na wakilin uban taro za su cinye shi tas kafin ɗan wasa ɗaya ya leƙo. Da ka ji mai gabatarwa ya ce "ba tare da ɓata lokaci ba", to da sauran rabin sa'a.

Guzuri kuwa sai an yi shawara. Ƙuli-ƙuli yana da amo, har na sahun baya zai san kun fara. Rake sai da tofarwa. Gyaɗa mai ɓawo za ta bar shaida a ƙarƙashin kujerarku. Ƙanƙarar zoɓo ita ce babbar maƙiyiya: ta ɓata farar shaddar maƙwabcinka, sannan ta dawo maka ta wata hanya. Ka riƙe dabino, ka juye shi a aljihu tun a waje, don leda ba ta iya sirri ba.

Ka zauna a bakin layi, kusa da ƙofa. Fitsarin yaro yana da ilimin wasan kwaikwayo, ya san inda labari ya ɗauki zafi, a nan yake zuwa. Ko ka kai shi bayi sau biyu kafin a fara, zai jira sai an je gaban alƙali, wuri ya yi tsit, sannan ya sanar da jama'a buƙatarsa. In kuma a irin gidan wasa na ginin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kuke, wanda aka gina shi kamar tsakar gidan Bahaushe, 'yan kallo da 'yan wasa kusan gwiwa da gwiwa, to ko raɗa ya yi ta shiga cikin wasa.

Sai tambayoyi. "Baba, me ya sa take kuka?" "Baba, gemun wancan auduga ne." Wannan ta biyun kada ka musa, ya fi ka sani. Ya ga Tsoho da Gemu a tashen bara, da azumi ya kai goma, a ƙofar gidanku. A can kuma ya koyi ladabin kallo irin namu: ana yi kana amshi, ana zolaya kana ramawa, in an gama ka miƙa sadaka. Yanzu rana ɗaya ka ce ya naɗe hannu ya yi shiru kamar mai sauraron huɗuba. In don ta ni ne, yaron ya fi mu gaskiya, amma kada ka gaya masa sai kun fita.

Abin da ban yi ba, kai ka yi: ka sake buɗe littafin kafin ku tafi. Ni dariyar kawai na tuna, na manta irin zaman da Hayatu yake yi da matarsa Halima a wasan. Yana ɗaga mata hannu sai autata ta haye kujera, dabino a kumatu, ta ƙwala: "Kai, ƙyale ta! Ga Babana nan, zai zane ka!" Mutum wajen ɗari biyu suka juyo suna neman Baban. Hayatu ya tsaya da hannu a sama, yana cizon leɓe, kafaɗunsa suna rawa. Wata dattijuwa a bayana ta ce, "To Malam, an kira ka, tashi mana."

Bayan an tashi, kada ka ce za ka kai shi bayan fage ya gaisa da 'yan wasa don ya gane wasa ne. Na gwada. Muka tarar da Hayatu da Halima a kan benci ɗaya suna cin tsire a takarda ɗaya, suna ƙyaƙyata dariya. Yarinyar ta dube su, ta ƙi miƙa hannu, ta ce da Halima, "Ke ma ba ki da zuciya."

Sauran aikin yana gida. Mako guda za a yi ana maimaita wasan a tsakar gida, da zanin uwarsa da hularka, kuma shi ke rabon matsayi. Ranar Juma'a surukata ta zo wuni. Tana cikin amsa gaisuwata yarinyar ta ja hannunta ta ce, "Hajiya, zauna ki gani. Umma ce Halima. Baba, yi yadda kake yi."