Risala a Kan Hukuncin Mayar da Tsohon Hannu Fagen Dambe

Bayan gaisuwa ga mahauta, makaɗan kalangu da 'yan kallo masu ba da shawara kyauta, wannan risala ce a kan ɗan damben da ya taɓa karya hannu, ya warke a nasa ganin, yana neman komawa ɗaura zare. An tsara ta domin samarin Kadawa, Kura da Bunkure, waɗanda tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ba su da ranin hutu, amma ba su rasa lokacin karya hannu ba.

Fasali na farko: abin da ke cikin hannu

Likitoci sun ƙirga ƙasusuwa 27 a hannu: 8 a wuyansa, 5 a tafi, 14 a yatsu. Ɗan dambe kuwa ƙashi ɗaya ya sani, wanda ke yi masa zogi da hunturu. Galibi shi ne ƙashin tafi mai ɗauke da ƙaramin yatsa, wanda ke karyewa daf da gaɓa idan naushi ya sauka a karkace. Alamarsa, in an dunƙule hannu sai a ga ƙullutun wurin ya lotsa. Mai shi zai rantse targaɗe ne, domin majalisa ta haɗu a kan cewa duk karayar da aka yi a gaban 'yan mata targaɗe ce.

Fasali na biyu: saɓanin masana

Mazhabobi uku ne. Ta farko mazhabar bango, masu dukan simintin gadar kanal da asuba. Suna da hujja, ko da ba su san mai ita ba: a 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na ƙara ƙwari gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Rabin karatun suka ɗauka. Sauran rabin shi ne ƙashi na yin haka ne cikin watanni, guringuntsin gaɓa kuwa in ya cinye ba ya tsirowa. Marigayi Ɗan Anace ya waƙe ɗan dambe Shago, amma ba a ruwaito makaɗin da ya waƙe mai dukan siminti ba.

Ta biyu mazhabar tsaga da laya: a tsattsaga hannu, a shafa magani, a cusa laya cikin naɗi. Ba ma jayayya da su. Sai dai abokin karawa ma da tasa layar ya zo, ƙashin kuma ba a sanar da shi yarjejeniyar ba.

Ta uku mazhabar shinkafa. 'Yan karate na Okinawa a Japan suna dukan makiwara, katako mai ɗan lanƙwasawa da aka naɗe da igiyar karan shinkafa. A Sin, masu horar da tafi da buhun wake suke farawa kafin su kai ga tsakuwa. Mutumin Kura da ke ƙone karan shinkafa bayan girbi, kayan makarantar Japan yake cinna wa wuta bai sani ba.

Fasali na uku: jerin aiki

Da farko a ɗauki hoton hannun, ko da sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala, musamman in ciwon a gindin babban yatsa yake. Akwai ɗan ƙashi a nan da jini ba ya isarsa sosai, yakan shekara bai haɗe ba. Maɗori gwani ne, amma yatsansa ba ya gani ta cikin nama.

Sai a koya wa hannun buɗewa da rufewa har ya dunƙule ba tare da wani yatsa ya hau ɗan'uwansa ba. Daga nan a cika bokiti da shinkafa, a nutsa hannu zuwa wuya, a damƙa, a murɗa, a ware yatsu. A yi da gyararriya, shanshera ƙaiƙayi gare ta, a kuma nemi izinin uwargida. Bayan makonni a koma buhu mai laushi, wuyan hannu a miƙe, naushi na sauka kan ƙullutan manuniya da na tsakiya, ana tsallake kwana. Mai haɗa aikin wata uku a mako ɗaya tamkar manomi ne da ya sakar wa tumatir ruwan wata guda a yini ɗaya.

Mas'ala

An tambaya: in hannu ya kwana da kumburi fa? Amsa: an yi gaggawa, a koma bokiti. An sake tambaya: matse zare ba ya maganin tsohuwar karaya? Amsa: yana ɓoye ta ga 'yan kallo har ƙarshen turmin farko. In hoto ya nuna ƙashin bai haɗe ba, ya halatta hannun da yake mashi ya koma garkuwa, ya kuma halatta ɗan dambe ya koma ɗan kallo.

Hukunci

Mazhabar shinkafa ce ta rinjaya, da sharaɗin hoto da haƙuri. Wanda ya ƙi, ya tuna da wannan hannun zai riƙe lauje ranar yankan shinkafa, kuma mai gona ba ya biyan lada da kirari.