Ɗan Ɗaga Murya, Ya Jikin?

Cikin tsarabar da hunturu ke kawo mana, babu wadda ta saɓa wa ɗabi'ar Bahaushe irin dushewar murya. Mura tana da kunya: ka fyace hanci ka ci gaba da harkokinka. Kaushi da faso kuwa man kaɗanya ya ishe su. Ita dushewar murya babban maganinta a yi shiru, alhali mu mutane ne da idan ka wuce majalisa ba ka ce "sannunku da hutawa" ba, kafin la'asar an gama shari'arka, an yanke cewa ko ka samu kuɗi ko kana gaba da wani.

Abin da ke faruwa a wuyan ba sihiri ba ne. A bayan zakaran wuya akwai wasu 'yan tantani biyu, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su murya ta fito. Na namiji sukan kaɗa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa guda, na mace wajen sau 200 (lissafin likitoci ne, kada wani magidanci ya kai shi gida a matsayin hujja). Idan ƙwayar mura ta sauka a kansu, ko suka sha ihu, ko ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta busar da su, sai su kumbura su zama kamar fatar kalangun da ruwa ya daka: ana bugu, amo ba ya fita. Likita zai ce maka larinjaitis ce, kuma galibi cikin sati ɗaya zuwa biyu take wucewa da kanta, in dai an bar wuyan ya huta. To a nan gizo ke saƙar.

Ba ta zaɓen mutum. Tana kama ladan, tana kama malamin firamare da aka tara wa yara fiye da benci, da ɗan kamashon da tun asuba yake kiran "saura mutum ɗaya" alhali motar wayam, da magoyin bayan Arsenal da ya raba dare a gidan kallo yana ba alƙalin wasan da ke Landan umarni. Amma mu ɗauki wani bawan Allah magidanci, wanda ya wayi gari zai ce a kawo masa koko, sai iska zalla ta fito.

Kafin hantsi labari ya zaga unguwa. Zumunta a ƙafa take, sai ga 'yan dubiya. Kawu ne na farko, ya zauna ya tattare babbar riga.

"An tashi lafiya? Ya iyali? Ya sanyi? Ya kuma jikin?"

Mara lafiya ya gyaɗa kai.

"Na ce ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji shi, da muryar da shi kansa bai ji ba.

"Iye? Ɗan ɗaga murya mana, ɗan nan, ka san kunnen nawa."

Ya tattaro ɗan abin da ya rage ya maimaita. Kawu ya girgiza kai. "Subhanallahi, lallai muryar ta tafi. To yaya aka yi haka? Ba ni labari tun daga farko."

Labarin nan zai ba da shi tun daga farko ga Kawu, ga surukinsa, ga mai unguwa, ga abokan majalisa da ke zuwa rukuni-rukuni, kuma kowa da nasiha ɗaya zai yi sallama: ka rage magana. Wanda bai samu zuwa ba zai bugo waya: "Na ji an ce muryarka ta dushe, shi ne na ce bari in kira in ji da kunnena." In bai ɗaga ba ya yi girman kai. In ya tura rubutu ta WhatsApp, a mayar masa da saƙon murya mai tsawon huɗuba, ƙarshensa a ce ya yi bayani da baki, ba a iya dogon karatu ba.

Can kuma asibitin tsakar gida ya buɗe, ba kati ba layi. Gwaggo ta jiƙa jar kanwa. Inna ta daka citta da kanumfari da masoro, ta zuba barkono don maganin ya ji a jikinsa. Maƙwabci ya zo da ɗanyen ƙwai biyu, ya rantse abin da manyan mawaƙa ke kwankwaɗa ke nan. An aiki yaro ya sayo Tom Tom, ya shanye rabi a hanya. Duk taron nan babu wanda ya tuna cewa Allah ya yi wa wuya hanya biyu, ta abinci daban ta iska daban, har da ɗan marfin da ke rufe ta iskar duk sa'ad da aka haɗiye wani abu. Tantanin murya a hanyar iska suke. Ƙwan maƙwabci ta ɗaya hanyar yake bi ya wuce ciki abinsa, in an yi rashin sa'a ya bar gudawa. Ranar da ya bi ta inda muryar take kuwa, sai tari da jan ido da dukan baya.

A yi wa Inna adalci: shayin citta mai ɗumi da zuma yana lallashin maƙoshi, yana kuma ƙara wa jiki ruwa, illa dai zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Barkonon ne bai da hurumi. Wanda ya cika ciki da yaji da maiƙo ya kwanta, ƙwarnafi kan taso masa cikin dare, ruwan cikin nan mai tsami ya hau har maƙogwaro ya ƙara ƙona wurin da ake jinya. Akwai mutanen da dushewar muryarsu ma daga nan take, ba daga sanyi ba.

Da magariba za a aika kemis, wurin yaron nan da tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Bai ga mara lafiya ba, amma zai ƙullo kafso ja da rawaya da wasu farare na rakiya. Antibayotik dai bakteriya yake kashewa, dushewar muryar da ke biyo mura kuwa yawanci aikin bairas ne, wanda ko a jikinsa. Bayan sati muryar ta dawo don kanta, kafso ya karɓi yabo, yaron kemis ya ƙara zama Dokta.

Shi ma mara lafiyar ba a bar shi a baya ba wajen dabara: ya koma raɗa. Likitocin murya hana ta suke yi, domin raɗa tana takura tantanin, gara mutum ya yi magana a hankali, kaɗan, da muryarsa ta ainihi. Ga kuma fitinar da take jawowa. Duk wanda ka yi wa raɗa da raɗa zai amsa maka, yana waige-waige, sai na gefe ya tsargu gulmarsa ake yi. Mai mata biyu kuwa, ranar da uwargida ta gan shi ya kai baki kunnen amarya, alhali cewa yake a miƙo masa buta, ya ƙara wa kansa wata jinyar da ba ta sati biyu ba ce. Haka gyaran muryar nan ta dattawa, "ehem, ehem", gwara tantanin take yi da juna. Kurɓar ruwa ta fi ta.

Abin da ke taimakawa ba ya da kwarjini, shi ya sa ba a son sa: shan ruwa a kai a kai, sirace da tsurar ruwan zafi tunda shi tururi hanyar iska yake bi, kurkure maƙoshi da ruwan gishiri mai ɗumi, farasitamol in akwai zafi, da ɗauko takunkumin da aka yasar tun bayan korona in za a shiga ƙura. Sai nisantar hayaƙi. Ba sigari da shisha kaɗai ba. Ku shiga ɗakin mara lafiyar nan ku gani: uwargida ta cika kasko da turaren wuta saboda baƙi za su shigo, an kunna maganin sauro a ƙarƙashin gado, janaretan maƙwabci yana huci a bakin taga, an kuma toshe ko'ina don kada sanyi ya kama shi.

Akwai inda raha ba ta shiga. Idan dushewar ta haura sati uku, musamman ga mai shan taba, ko ana ganin jini a kaki, ko haɗiya ta gagara, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, inda za a zura 'yar kyamara a ga tantanin ido da ido. In numfashi ne ya yi wuya, ko yaro yana jan iska da ƙara, ba a jiran gobe balle jiƙon Gwaggo.

Shi dai mutumin namu, cikin ikon Allah, muryarsa ta fara leƙowa duk da taimakon da aka ba shi. Jin haka Kawu ya aiko masa da tuni: mutane sun yi ɗawainiya, ya kamata ya bi su gida-gida ya yi musu ban gajiya. Ya kuma fara da gidan Gwaggo, don tana son ji daga bakinsa cewa kanwarta ce ta yi aiki.