Madalla da Cinikin Savannah

Duk mai son ya koyi yadda ake sayar da gida ba tare da an kwashe ko tabarma daga cikinsa ba, ya je ya ɗauki karatu wurin Mai Shari'a Clarence Thomas na Kotun Ƙolin Amurka. A 2014 attajirin Texas, Harlan Crow, ya sayi gidan da mahaifiyar alƙalin ke zaune a Savannah ta jihar Jojiya, haɗe da filaye biyu a layin, kan dala 133,363. Alƙalin na da kaso a ciki. Ciniki ya faɗa, an sa hannu, takarda ta shiga rajista. Sai mai saye, don tsabar kirki, ya gyara rufi, ya ja shinge, ya kafa rumfar mota, ya bar tsohuwa ta ci gaba da zamanta babu kuɗin haya. Ina ma masu gidajen haya na duniya za su yi koyi!

Mahassada sun ce wai dokar 1978 ta wajabta wa alƙali ya bayyana irin wannan ciniki, shi kuwa ya yi shiru shekara 9, sai da 'yan jaridar ProPublica suka tono a 2023. Ba su san kawaici ba ne. Mutum mai kunya ba ya tallan alherin abokinsa, ko da alherin ya haɗa da tafiye-tafiye a jirgin sama na ƙashin kai, da yawon shan iska a tekun Indunusiya, da kuɗin makarantar yaron da ya riƙa. Da aka matsa, ai ya gyara takardar, ya ce kuskure ne. Kuma dole a yarda. Bawan Allah tun 1991 yake fama da gano abin da ke zuciyar mutanen da suka rubuta tsarin mulki a 1787; ina ya ga sararin fahimtar fom ɗin bayyana kadara?

Abokin aikinsa Neil Gorsuch ma bai bar mu haka ba. Kwana 9 da tabbatar da shi a 2017, filin da yake da kaso a ciki a Kolorado, wanda ya daɗe babu mai taya, ya sami mai saye: shugaban wani katafaren kamfanin lauyoyi da ke kawo shari'u gaban kotun. A fom ɗin bayyana kadara, Gorsuch ya rubuta kuɗin, ya bar gurbin sunan mai saye fayau. Wannan shi ake kira rufin asirin abokin ciniki.

Amma gwanintar da ta fi burge ni ita ce ta Nuwamban 2023. Ƙananan alƙalan tarayya suna da kundin ɗa'a tun 1973; manyan tara na Kotun Ƙoli sai da suka yi shekara 50 suna nazari kafin su fito da nasu, kuma da ya fito, babu mai bincike, babu hukunci. Kowane alƙali shi zai duba kansa ya ga ko ya kamata ya janye daga shari'a. An dai ba kura ajiyar nama, amma wannan karon da takarda, ta kuma sa hannu. Kujerar ta har mutuwa ce, kuma alƙalin Kotun Ƙoli ɗaya tak Majalisar Dattawa ta taɓa zama a kansa, Samuel Chase, shi ma aka wanke shi a 1805.

Saboda haka don Allah a daina ɗaga wa dattawa hankali. Wanda bai gamsu ba, hanya a buɗe take: ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli.