Wasiƙa daga Kalfu zuwa ga Majalisar Dokokin Turai

Zuwa ga masu girma wakilan Majalisar Dokokin Tarayyar Turai:

Labari ya iske mu nan Kalfu, cikin ƙasar Adar, cewa ran 8 ga Oktoba 2025, bayan muhawara da kai ruwa rana, mutum 355 daga cikinku suka rinjayi 247, kuka yi fatawa a daina kiran abincin da aka sarrafa da wake ko alkama da sunan tsire ko balangu irin na ƙasarku, wai don kada mai saye ya ruɗe. Mun kuma ji cewa tun 2017 kotunku ta Lukzambur ta hana a kira ruwan waken suya madara, kuma gwamnatin Faransa ta yi irin wannan doka kan sunayen nama a 2022, ta maimaita a 2024, har alƙalanta suka soke duka biyun a farkon 2025. Madalla da wannan himma.

To, da yake hukuncinku yakan ƙetare teku ya riske mu ko ba jima ko ba daɗe, muka ga ya wajaba mu kawo ƙarar kanmu tun ba a kawo mu ba. A tashar Tawa akwai yarinya mai tallar awara, wadda idan ta sauke faranti, ta yanka fari-fari, ta barbaɗa yaji da albasar Galmi, sai wani ya ce a ba shi ƙwai da ƙwai na dala biyar, alhali kuwa kaza ba ta san da zancen ba. Akwai naman kaza da ke tsirowa da damina, ba a yanka shi, ba a fige shi. Akwai nonon kurciya, ciyawa ce. Akwai man gyaɗa da ke zaune kusa da man shanu shekara da shekaru, ba su taɓa kai juna gaban alƙali ba. Shin duk waɗannan za a yi musu sabon zanen suna ne, kuma wa zai sayi ragunan?

Malamanmu na zaure, waɗanda suka karanci balaga, sun daɗe da rarrabe haƙiƙa da majazi, fuƙaha'u kuma sun tabbatar cewa a sha'anin ciniki urfin mutanen gari abin lura ne. Na tambayi wani tsohon mahauci ko awara ta taɓa ƙwace masa mai saye, sai ya yi dariya, ya goge wuƙa a gefen tebur, ya ce wanda ke da jika a aljihu hancinsa ke kawo shi, wanda ba shi da ita kuwa ko an kira awara kilishi ya san abin da ya ci.

Abin da shari'a ta haramta shi ne algus: a zuba ruwa cikin nono, a tauye mudu, a sayar da mushe da sunan yankakke. In kuna da doka a kan wannan, ku aiko mana da ita da gaggawa. Amma sunaye, don Allah ku bar wa masu talla abinsu.

Haza wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani mai cin awara, Kalfu.